Tsarabar Ummukulsum daga Gonar Murjani

Ummukulsum ɗiyar Malam Khalilu ta iya ruwa tun kafin ta iya ɗaura zane. Garinsu Tungar Rimi ƙauye ne tsakanin Gummi da Bukkuyum, in ka sauka daga kwalta ka bi turɓaya, kuma ba shi da abin nuna wa baƙo sai tafki ɗaya. Ubanta manomi ne, mutum mai sanyi, wanda in ruwa ya kai masa gwiwa sai ya fara kalmar shahada. Uwarta kuwa, Inna Zulai, jinin masunta ce. Mahaifinta ne Sarkin Ruwan tafkin har ya rasu, sarautar ta koma hannun ƙanenta Surajo. To, ta wajen uwa yarinyar ta kwaso.

Ita ce auta. Yayyenta suna tsakar gida suna koyon dakan fura, ita tana can rungume da gora tana bin kawunta Surajo tsakiyar tafki. An doke ta, an kai ta wurin malam ya yi mata tofi, har an taɓa ɗaure mata ƙafa da zane a jikin turmi. Ta jawo turmin har bakin ruwa. Daga ranar aka sallama.

Abu ɗaya ne ke hana ta taɓa kifi. In damina ta ɗauke, Sarkin Ruwa yakan kafa sanda a bakin tafki ya ɗaura mata jan tsumma. Daga ranar tafki ya rufu. Wanka dai a yi, shanu su sha, amma ba mai jefa homa ko ƙugiya sai kifi ya girma, an sa ranar su, gari duka ya faɗa ruwa. Inna Zulai tana da labari a kan wannan sanda, kuma ba yaron gidan da bai haddace shi ba. Wai lokacin da uwarta ke da cikinta ta yi kwaɗayin tarwaɗa har tana kuka, tafki a rufe, ga kifi yana tsalle a ƙofar gida. Sarkin Ruwa ya saɓa takalminsa a kafaɗa ya taka har Gummi ya sayo mata busasshe. Duk sanda Inna ta ba da labarin, nisan Gummi ƙaruwa yake yi.

Inna dillaliya ce. Ta tsufa tana shiga gida-gida da ƙullin kaya a ka: atamfa, turare, kwalli, 'yan kunne, duwatsun wuya. Ranar kasuwar Gummi tana Gummi, ranar ta Nasarawa Burkullu tana can, kuma bakinta ya fi ƙafarta sauri. Murjanin da take sayarwa na roba ne, kowa ya sani, ita ma ba ta rantsewa a kansa sai in ciniki ya yi gardama. Amma tana da na gaske, zare ɗaya, ja wur, mai sanyi da nauyi, wanda kakarta ta zo da shi daga aikin hajji. Yana ƙasan kwalla, cikin tsumma, cikin wani tsumman. Ba ya fitowa sai ranar sallah, ko ranar da take son ƙular da wata mata.

Wata ranar sallah Ummu tana ƙarama ta cafke shi a wuyan Inna ta kai baki ta ciza.

"Inna, wanga ɗan wane icce na?"

"Ba icce ba na, sakar min. Ƙarƙashin teku shika tsira."

"Wa ka shibka shi?"

"Aljannu. Ke, sakar min na ce!"

Da Inna ta san abin da amsar nan za ta jawo mata, da ta ce a kasuwar Anka ake yin shi.

Yarinya ta shiga makaranta da tambayar nan a baki. Ta ishi malaman firamare, ta je sakandare a Gummi ta ishi na can. Da ta gama ta ce za ta jami'a a Sakkwato ta karanta kifi.

"Kihi?" in ji Inna. "Kihin da muka soyawa? Shi za a zauna aji a yi ma karatu? In kin gama, shi zai ba ki takarda?"

Malam Khalilu ya ce Allah ya ba da sa'a. Inna ta yi kwanaki tana mita, sannan ta ƙulla mata ƙuli-ƙuli da yaji da busasshiyar kuɓewa ta raka ta tasha da kanta. Haka gidan yake. Malam ne ke cewa to, amma Inna ce ke cewa a tafi.

Daga Sakkwato sai Legas, wurin masu nazarin teku. Ranar da Ummu ta fara tsayawa a gaban ruwan da ta yi ta mafarki, ihu ta yi har masu sayar da kwakwa suka waiwayo. Ta kira gida nan take. A Tungar Rimi waya ba ta kamawa sai a gindin rimin bakin tafki, don haka sai da aka je aka ɗauko Inna daga kan tuƙin tuwo.

"Inna, saurara!" Ta miƙa wayar wajen igiyar ruwa.

"Injin niƙan wa na?"

"Teku ta, Inna! Ba a hangen ƙetarenta. Kuma na ɗanɗana, gishiri gare ta."

"Duk ruwan?"

"Duka."

Inna ta girgiza kai. Can ta ce, "Kai, asara. Ga mu nan muna sayen shi da awo."

A Legas ta koyi nutso da tulun iska a baya. Malaman nutson da suka ji daga Zamfara ta fito, suka ware mata wuri mara zurfi, wai kada ta firgita. Kafin su gama bayani tana ƙasa tana jiransu. Ba a daɗe ba aka nemi matasan da za su je gaɓar tekun Kenya su koyi aikin farfaɗo da murjani. Ummu ba ta jira an gama karanta sanarwar ba.

A can ta samu amsar tambayarta. Murjani ashe ba itace ba ne, ba dutse ba ne, kuma aljannu ba su da hannu a ciki. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu rai da ke taruwa su gina wa kansu gida kamar gara, gida kan gida, har ya zama gari guda a ƙarƙashin ruwa. A lungunan garin nan kifi ke ƙwai, a nan 'ya'yansa ke ɓuya. In ruwa ya yi zafi fiye da kima sai garin ya yi fari fat ya mutu. Wanda zafi ya bari, wasu su fasa su sayar wa baƙi, wasu su ja taru a kai su kakkarya. In ya mutu kifi ya watse, masunta su koma gida da kwando wayam.

Aikin su Ummu shi ne su tsinto gutsattsarin da suka karye da sauran rai, su ɗaure su a jikin wasu gadajen ƙarfe a ƙasan ruwa, su riƙa goge musu gansakuka da ɗan buroshi kamar ana wanke wa jariri baki. In sun yi ƙwari a cire a dasa inda ya mutu. Dashen albasa ke nan, sai dai manomin yana goye da tulu. Kuma gonar an hana taɓa ta. Ko kamar yatsa ba a fitarwa, wanda aka kama da shi sai hukuma.

Duk wannan Ummu ta zayyana wa Inna a waya, daki-daki, tana haki don murna. Amma iska tana kaɗa rimi, shanu suna kuka a bakin tafki, maganar tana zuwa tana yankewa. Cikin dogon bayanin nan Inna ta tsinci kalma biyu ta ƙulle a bakin zane: gonar murjani.

Daga ranar tafiyar Inna ta canza. Da can in ta shiga gida sallama take fara yi, yanzu sai ta zauna ta yi ajiyar zuciya ta jira a tambaye ta.

"Auta ce," in ji ta. "Aiki ya yi mata yawa. Kun san gonar murjani ba kamar ta gero ba ta."

Ta yi wa mai kitso alkawarin zare ɗaya. Ta yi wa ungozoma. Ta yi wa wata 'yar'uwar Malam a Zugu wadda ko gaisawa ba su cika yi ba. Mafi girma, ta yi wa Karima. Karima ƙawarta ce tun suna 'yan mata, irin ƙawancen da in ɗaya ta sayi zane ɗayar ba ta barci. Ɗan Karima direban wani babban mutum ne a Abuja, kuma Inna ta sha labarin motar nan har ta san launin kujerunta. Da aka sa bikin Naja'atu ɗiyar Karima bayan kaka, Inna ta dafa ƙirji a gaban mata ta ce amarya za ta sa murjanin gaske har cibiya.

Ita kuwa Ummu ba ta san ana yi ba. Inna ba ta taɓa ce mata ta zo da shi ba, domin a wajenta uwa ba ta roƙon tsaraba. Ɗan da aka yi wa tarbiyya, in ya je garin albasa ya zo da albasa, in ya je garin kilishi ya zo da kilishi, ba sai an buɗe baki ba.

Ummu ta dawo bayan kaka, ana saura kaɗan biki, da labari mai daɗi a ciki. Masu aikin sun ce in ta koma ita za a ba shugabancin gonar, aiki na dindindin. Ta ce musu sai ta je gida uwarta ta sa albarka. Suka yi dariya, suka ɗauka magana ce ta baki. Ba su san Inna ba.

Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ta daga Gummi bai kashe babur ba aka fara guɗa. Gidan Malam Khalilu ya cika har zaure. Mai kitso ta bar kan wata a tsefe ta zo. Aka rungume Ummu, aka juya ta, aka ce ta yi baƙi, aka ce ta yi fari, aka ba ta fura. Ita kuwa dariya take ta yi, tana mamakin yadda garin duka ya yi kewarta haka.

Aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye jaka a gaban Inna, domin uwa ce ke buɗe tsaraba ta raba. Inna ta yi bisimilla ta zuge.

Zannuwa masu rubutu a baki. Kanumfari ƙulli-ƙulli, ƙamshinsa ya cika gida. Man kwakwa. Alewa. Hula ta Malam, tocila ta Kawu Surajo. Mata suna ta madalla, amma idonsu na cikin jaka. Inna ta zura hannu har kafaɗa, ta jawo wasu faffaɗan takalman roba masu kama da ƙafar agwagwa, da tabarau mai rufe hanci. Ta sake zurawa. Ta laluba kusurwa huɗu.

"Zulai, zazzage," in ji Karima da murya mai zaƙi. "Ƙila ya maƙale a lungu."

Inna ta kifa jakar ta girgiza. Ɗan yashi ya zubo.

Karima ta ɗaga takalmin agwagwa da yatsa biyu. "Naja'atu, zo gwada. Ga alama wanga na na amarya."

Dariya ta tashi ta mutu. Inna ta juyo a hankali.

"Auta. Ina murjanin?"

"Wane murjani, Inna?"

"Wane murjani! Ina kinka ce kina aiki?"

Sai a lokacin Ummu ta dubi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya, ta gane ba kewarta ce ta tara su ba. Ta fara bayani, cewa abin da rai gare shi, cewa an hana ɗauka, cewa aikinta ma hana ɗaukar ne. Inna ta ɗaga hannu.

"Ko ɗan ƙodago anka ɗauka roron gyaɗa, ana bari nai shi cika aljihu. Ke kin yi shekaru cikin gonar mutane, rana ta ƙone ki, ko ƙwara ɗaya ba su ba ki kin kawo ma uwarki ba. Ko dai ƙarya kinka yi min, ko bauta kika yi musu. Ko wanne na, ba ki komawa."

Ta faɗa a gaban mata. Maganar da Inna ta faɗa a ɗaki ana iya lallashinta. Wadda ta faɗa a gaban Karima kuwa, ba a taɓa jin ta janye ba.

Washegari Ummu ta je wurin ubanta yana ɗaurin dawa.

"Ni na yarda tun tuni," in ji Malam Khalilu. "Amma kin san yardata ba ta shiga mota."

Ta koma kan Inna da waya a hannu. Ta kunna mata bidiyon gonar, ta ce in ta gani da idonta za ta gane. Inna ta karɓa tana yatsina, ta miƙa hannu nesa don ta gani da kyau.

"Wanga baƙin kwaɗon fa?"

"Ni ce, Inna. Rigar nutso ta, ta rufe min har kai."

"To, da sauƙi." Ta ci gaba da kallo. Kifaye masu ratsin rawaya da shuɗi suna wucewa garke-garke, ga murjani shimfiɗe iya ganin ido, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai. Bakin Inna ya buɗe. Ummu ta fara murna a ranta.

"Duk wanga?" in ji Inna.

"Duka."

"Har can baya?"

"Har inda ba ki gani."

"Kuma ba ki iya cika min ko gwangwanin madara ba!"

"Inna, dubi da kyau, ba ma irin naki ba na. Wanga ba ja ba na, kamar citta shike. In an hito da shi wari shika yi, sannan shi koma hwari."

"Ba marina a garin?"

Ummu ta karɓi wayarta ta fita.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Duk sanda ta je gindin rimi, daga wurin aiki ana ta kiranta ana tambayar me ta yanke, tana cewa tukuna. Tana tankaɗe tana tunanin gadajenta, musamman guda ɗaya da ta ɗaure da hannunta tun 'ya'yan suna kamar ƙwayar wake, ko wa ke goge musu gansakuka yanzu. Za ta iya ɗaukar jaka ta tafi, ba mai tare ta. Amma ta san kanta. In ta shiga ruwa ba da albarkar Inna ba, kowace igiyar ruwa da muryar Inna za ta zo mata.

Wata rana da hantsi ta je bakin tafki ta zauna. Kawu Surajo yana gindin rimi yana gyaran homa, yana tsakurar wani abu daga takarda yana tauna.

"'Yar ruwa, an ce an kafe ki a tudu."

"An kafe ni, Kawu. Mi kaka ci?"

"Busasshen kihi. Na Gummi. Sai ƙaya da gishiri." Ya tofar da ƙaya. Daidai lokacin wata ƙatuwar tarwaɗa ta yi tsalle a gabansu ta faɗa ruwa tam. Kawu ya bi ta da harara. "Kin gan ta? Kullum sai ta zo ta yi min haka. Ta san sanda na kafe."

Ummu ta dubi sandar. Jan tsumma yana kaɗawa a kai. Ta dubi takardar kifin, ta sake duban sandar. Sai ta fashe da dariya har ta kwanta a kan ciyawa.

"Ke, lahiya?"

"Lahiya lau, Kawu. Yaushe za a sa Naja'atu lalle?"

Ranar sa lalle matan gari duka suna gidan Karima. Turame suna tashi, ana tuyar masa, amarya na lulluɓe a tsakiya. Inna ta zo don rashin zuwa ya fi zuwa muni, ta zauna a gefe tana gyaran zogale. Kowace mace da ta wuce sai ta dubi wuyan amarya, sannan ta dubi Inna.

Ummu ta jira aka yi ɗan shiru tsakanin waƙa da waƙa. Ta matso kusa da uwarta ta yi magana da muryar shagwaɓa, amma yadda za a ji har madafa.

"Inna, tunda na dawo ban ci ɗanyen kihi ba. Ki aika wurin Kawu shi kamo min tarwaɗa biyu a tafki. Ai shi ka tsaro, ba mai ce mai komi."

Zogale ya watse a ƙasa. Inna ta miƙe tsaye kamar an tsikare ta.

"Ke! Ashe teku wanke hankali takan yi? Ba ki ga sanda ba? Gidanmu! Gidan da ubana ya saɓa takalmi ya taka har Gummi, cikin rana, ba ruwa ba guzuri, uwata na kuka, kihi na tsalle ƙofar ɗaki! Mai tsaron ruwa shi ci ruwa? In Surajo ya ɗauki ɗaya yau, gobe da wane baki zai hana Tungar Rimi? Ai don ku na nashi, ku za ku fara haƙura! Wallahi duk ɗan gidanmu da anka ba tsaro ya ɗauko ko ƙwara ɗaya ya kawo min, ni da kaina za ni..."

Ta tsaya. Hannunta yana sama, yatsa a miƙe.

"To, Inna," in ji Ummu a hankali, "ni ma tawa sandar na can kafe."

Taɓarya ɗaya da ba ta ji labari ba ta sauka a turmi ita kaɗai. Sai Karima ta ƙyalƙyale da dariya tana dukan cinya.

"Zulai, an kama ki! Da homarki anka kama ki!"

Inna ba ta ko dube ta ba. Ta sauke hannu, ta zauna, ta gyara ɗankwali. Ana ganin abin yana juyawa a kanta kamar dutsen niƙa.

"Tsaya. Ke ka tsaron wurin?"

"Ni da wasu. In na koma, ni za a ba shugabanci."

"Da mi kuka rufe shi?"

"Wasu tuluna muka sawa, suna yawo bisa ruwa. Kowa ya gan su ya san ba a shiga."

"Wane launi?"

"Ja."

"Ja," in ji Inna, ta dubi mata. "In wani ya ƙetare fa?"

"Mu kore shi. In ya yi gardama mu kira hukuma."

"Ko namiji na?"

"Ko Bature na."

Inna Zulai ta toshe hanci da yatsu ta rangaɗa guɗar da sai da awaki suka tsinke igiya. Ta tashi ta taka rawa daga bakin rijiya har bakin madafa, tsohuwar da jiya ke cewa gwiwa ta hana ta ruku'u.

"Kun ji? Sarauta ta! Ni ina nan ina neman gwangwanin madara, ashe Sarkin Ruwa na haihwa! Ubana tafki ɗaya ya riƙe, jikarshi ta riƙe wanda ba a hangen ƙetarenshi! Karima, ɗanki mi anka ba shi a Abuja? Mota. Mota ɗaya, ita ma ba tashi ba. Tawa teku!"

"Teku dai ba a rataya ta a wuya," in ji Karima tana share hawayen dariya. "Ga amarya nan, wuya wayam. Ke kinka ce har cibiya."

Inna ta juya ta fita. Aka ɗauka fushi ta yi. Can sai ga ta ta dawo da tsumma a hannu. Ta kwance shi, ta kwance na ciki, ta zaro murjanin kakarta. Mata suka matso. Ta ɗaga lulluɓin Naja'atu ta rataya mata da kanta.

"Bai kai cibiya ba, sai ki ɗan duƙa. Kuma aro na! In an gama biki a maido min. Na san ko ƙwara nawa na."

Mai kitso ta ce nata alkawarin fa. Inna ta ce ta zo gida ta zaɓi na roba, kyauta, wanda ma ba ya wari.

Ranar da Ummu za ta koma, ɗan kabu-kabu yana ƙofar gida yana danna oda, Inna ta ja ta ɗaki. Murjanin ya dawo daga gidan amarya. Ta sa haƙori ta tsinke zaren, ta zare ƙwara ɗaya, ta danƙa mata a tafin hannu ta rufe.

"Ungo. Iri na. In kin je ki dasa min."

"Inna, wanga ya mutu tun ba a haihi kakarki ba. An sassaƙe shi, an huda shi. Ba shi tsira."

"Kin taɓa gwadawa?"

"A'a."

"To." Ta dafa mata kai. "Tahi. Allah shi yi miki albarka, Shi tsare ki da abin da ke cikin ruwa. Kuma ki riƙa shafa mai, kin koma kamar gawayi."

Ummu ta koma, aka ba ta shugabancin gonar. Ranar da ta fara shiga ruwa ta ɗaure ƙwarar da zaren ƙugiya a kusurwar gadon nan nata, kusa da wani ɗan reshe mai rai, don dai in an tambaye ta ta ce ta dasa. Kuma an tambaye ta. Duk kiran da Inna za ta yi daga gindin rimi, kafin ta ce ya jiki sai ta ce, "Ya tsira?"

Shi murjani mai rai, duk abin da ya tarar a hanyarsa hawa yake yi ya lulluɓe. Bayan damina ta zagayo, reshen ya miƙo ya rungume ƙwarar, saura ɗan jan ido kawai ke leƙowa daga tsakiya. Ummu ta ɗauki hoton ta aika wa Kawu Surajo, shi kuma ya kai wa Inna har gida. Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Ya kama!" Inna tana ihu, ana jin guɗa a bayanta. "Ba na ce miki ba? Ya kama, har ya yi reshe!"

Ummu ta buɗe baki za ta yi bayani. Ta tuna yadda bayani ya ƙare mata a baya, ta rufe.

"Ya kama, Inna."

Yanzu duk gidan da Inna Zulai ta shiga da ƙullin kayanta, sai an ji tana da gona a teku, autarta ke duba mata. Karima ta ce madalla, in an yi girbi a tuna da maƙwabta. Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta ɗora kayanta a ka.

"Wane girbi? A rufe take."